Waɗanda suka taɓa aika wa sojoji saƙo a daji, yaya kuka yi?

Malamar firamare, Gusau

Assalamu alaikum. Mu goma sha huɗu ne muke adashe a unguwarmu. Ƙanen ɗaya daga cikinmu soja ne, wata bakwai ke nan da aka kai su wani ƙauye ta wajen Maru, bai leƙo gida ba. Ran nan ya samu sabis ya kira ta, abin da ya roƙa kawai yaji da safa. Da ta ba mu labari jikinmu ya yi sanyi, muka ce kwasar wannan watan a bar wa yaran nan, a haɗa musu ɗan abin taɓawa kafin azumi. To ba mu taɓa yi ba. Me ake sawa, kuma wa ake ba ya kai? Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Matar soja, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka. Ni shekara huɗu ina wannan aikin, tun maigidana yana Borno lokacin ana ce wa aikin sojojin can Lafiya Dole, har aka sauya masa suna zuwa Haɗin Kai a 2021.

Saƙona na farko abin kunya ne. Na haɗa garin kwaki da sukari da sabulun wanka a buhu ɗaya, na ɗaure da kyau ina jin daɗi. Kwana goma sha ɗaya kayan suka yi a hanya. Da ya jiƙa garin sai ƙamshin sabulu, ya ce har kumfa yake gani a ransa. Haka suka sha, don ba su da wani, amma har yau abokansa in sun gan ni sai sun ce "Madam, a ƙaro mana garin wanka." Tun daga nan sabulu da omo da man zafi kwalinsu daban, abinci nasa daban.

Dambun nama ki soya shi har ya bushe ƙarau, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi a leda ya yi funfuna. Robar fenti da aka wanke tas ta fi leda, ɓera ba ya huda ta, daga baya kuma su ɗebi ruwa da ita. Ƙuli-ƙuli, yaji mai daddawa, kuka, busasshen kifin Yauri, dabino, ganyen shayi, waɗannan ba sa ba da kunya. Man gyaɗa kuwa na daina, sau biyu yana tsiyaye mini a kan safa. Safar ma ki sayi mai kauri, baƙa ko koriya, ki haɗa da hoda. Mutum ya kwana uku bai cire but ba, tsakanin yatsunsa har saɓulewa yake yi, balle da damina.

Ɗan kasuwa, Talata Mafara

Ku yi haƙuri, ni dai tambaya gare ni. Ba gwamnati ke ciyar da su ba? Ga 'yan gudun hijira nan birjik a kangwaye, ga askarawan tsaro da jihar Zamfara ta ƙaddamar a farkon 2024 su ma 'ya'yan talakawa ne. Na taɓa ba da dubu biyar a irin wannan tarin, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tsohon soja, Zuru

Alhaji, maganarka tana kan hanya, ana ba su abinci. Amma shinkafa da wake safe da yamma wata shida, ranar da aka buɗe robar yajin gida sai ka ga ƙato yana lasar yatsa kamar yaro. Mu nan ƙasar Zuru da wuya ka shiga gida ba ka tarar da hoton mai kaki a bango ba, mun san daɗin saƙo.

Malama, 'yata, wurin da kika ambata a sama ya isa haka, kada ki ƙara ko harafi. Ba sunan ƙauye, ba yawansu, ba ranar da mota za ta tashi. Kuma don Allah kada a jera buhuna a ɗauki hoto a sa a Facebook ana "ga tallafinmu zai tafi wuri kaza". Masu kai wa ɓarayin daji rahoto su ma suna da waya.

Hanya ɗaya na sani mai kyau: ta bariki. Kuna Gusau, birged ɗin soja na nan, hedikwatar Fansan Yamma, rundunar yaƙi da 'yan bindiga, ma na nan. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku, ku lissafa abin da ke cikin kowane kwali, ku nemi matan bariki su nuna muku ofishin da za ku miƙa. In motar kai musu abinci za ta shiga sai a ɗora. Za a buɗe a duba, kada ranku ya ɓaci. Ni kaina da ina aiki ba na cin abin da ban san hannun da ya fito ba. Magunguna ku bar wa likitocinsu, ban da man zafi da maganin sauro na shafawa.

Direba, Ƙauran Namoda

Baba ya gama magana. Bari in ba ku nawa, don ni a jikina na ji.

Watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, wata baiwar Allah ta ba ni kwali biyu in miƙa wa ɗanta a wani shinge da ke kan hanyata. Ban buɗe ba. Kafin in kai, a wani shingen daban, aka ce in sauke. Burodi ne, da batura, da tocila uku, da sigari. Duk wanda ya zauna a jihar nan ya san kayan da ake kama masu kai wa 'yan bindiga da su ke nan. Ba takarda a hannuna, ba sabis balle in kira matar, sunan yaron ma na gida ta faɗa mini, ba wanda ya san shi da shi a wurin aiki. Tun hantsi nake zaune a ƙasa, fasinjojina suna harara ta, har bayan la'asar da Allah ya kawo wani kofur da ya gane yaron ta garinsu. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi. Amma daga ranar, ko uwata ce ta ba ni saƙon soja, sai da cikakken suna da lambarsa a jikin kwali, kuma in ga abin da ke ciki da idona.

Ma'ajin ƙungiyar matasa, Argungu

Ni ta wajen kuɗin zan yi magana, don nan ne zumunci ke lalacewa. Mun yi namu a farkon 2023, daidai lokacin wahalar takardun kuɗi. Jama'a suka yi ta turowa ta asusuna, masu kilishi da ƙuli kuma suka ce sai tsaba. Abin da masu POS suka cire na cire kuɗi ya kusa sayen katan ɗin sukari, ban kuma rubuta ba don ina ganin ƙaramin abu ne. Ranar lissafi aka ga giɓi. Ba wanda ya ce mini ɓarawo, amma shirun da aka yi ya fi zagi. Da kuɗin aljihuna na cike.

Yanzu mutum biyu ke riƙe littafi, kowace naira da ta shigo a karanta ta a gaban kowa. Alhajin Mafara, mai yiwuwa abin da ya faru da dubu biyar ɗinka ke nan, ba lallai an ci ba, rashin dawowa da bayani ne. Amma fa akwai masu ɗaukar hoton sojan da ba su sani ba su liƙa lambar asusu, waɗannan kam a yi hattara.

Mahaifiyar soja, Tsafe ('yarta ce ta rubuta mata)

Inna ta ce a gaya wa Malama ta sa yaran ajinta su yi 'yan wasiƙu a cusa cikin kayan. Ta ce da yayanmu ya zo hutu, tana wanke masa kaki ta tarar da wata takarda a aljihun gaba, an naɗe ta a ledar fiya wata, duk ta yi laushi. Rubutun wani yaro ne da bai sani ba, da fensir, layi biyu: yana gaishe da soja, kuma akuyarsu da aka kora ta dawo. Ta ce kilishin da aka haɗo da shi kwana ɗaya ya yi, su tara suka raba. Ta ce kuma a sa goro ko kaɗan ne, saboda masu gadin dare.

Malamar firamare, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Zuru, na ji, bakina alaikum. Mun cire man gyaɗa da burodi daga lissafi, an ba mutum biyu littafi, gobe in Allah ya kai mu ni da yayar yaron za mu shiga bariki da takardarmu. Alhaji, mun yi shawara kwasar wata mai zuwa ta 'yan gudun hijirar da ke bayan makarantarmu ce, in kana so in turo maka lissafin wannan ka gani tukuna. Maman Birnin Kebbi, robar fentin nan babba kike nufi ko ƙarama? Kuma dambun kilo nawa ke cika ta?