Tafiyar ƙafa a duwatsun AlUla bayan Umara: me ya kamata mu shirya?

Abban Sadiq, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne, abokai tun muna makaranta, duk a nan Kaduna muke zaune. Mun yi niyyar Umara a watan Disamba in Allah ya yarda, kuma muna so bayan ziyarar Madina mu wuce AlUla mu kwana uku, mu taka da ƙafa cikin duwatsun nan na hamada masu ƙofofi da baka. Babbanmu shekararsa 52, ƙaraminmu 34, ɗaya daga cikinmu yana shan maganin hawan jini. Iyakar hawan dutsenmu Kufena ne a Zariya. Don Allah masu sani su taimaka: ruwa nawa mutum zai ɗauka, wane irin takalmi, kilomita nawa za mu iya a rana, kuma ana hawa kan bakan dutsen a ɗauki hoto?

Injiniya Ɗanlami, Barnawa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi ibada. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ta fi haɗari: kada kowa ya hau kan baka, kada kuma ku shimfiɗa tabarma ku huta a ƙarƙashinsa.

Kufena giranit ne, dutse mai tauri da kaushi, takalmi yana kama shi. Duwatsun AlUla dutsen yashi ne, wato ƙwayoyin rairayi da suka manne da juna tun dubban ƙarnoni. Yadda baka ke samuwa shi ne dutsen ya tsattsage ya zama kamar katangu a jere, ruwan sama ya riƙa shiga tsagar yana narkar da abin da ya manne ƙwayoyin, gishiri ya daskare a ciki yana buɗe tsagar, iska ta kwashe yashin da ya saki. Da haka rami ke hudowa ta tsakiyar katangar. Wannan aikin bai tsaya ba, yana nan yana ci gaba, kuma duk bakan da ka gani wata rana zai faɗi. A gandun Arches da ke jihar Utah a Amurka, inda akwai baka sama da 2,000, wani da ake kira Wall Arch ya rushe cikin dare a watan Agusta 2008. A 1991 kuma wani ƙaton ɓangare ya ɓalle daga cikin Landscape Arch, har aka rufe hanyar da ke bi ta ƙarƙashinsa. Hoto daga nesa ya ma fi kyau, don shi ke nuna girman abin.

Abu na biyu, santsi. Falalen dutsen yashi busasshe yana riƙe ƙafa, amma da zarar ɗan rairayi ya kwanta a kansa sai ya zama kamar an zuba gero a kan siminti. Ku riƙa buga takalmi kafin hawa, ku taka da dukan tafin ƙafa, ba da gefe ko tsinin yatsu ba. In an yi ruwa, dutsen yakan tsotse shi ya yi laushi, ɗan tudun da ka kama da hannu ya ɓare. A bar hawa na kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwa.

Abin da ya fi kama mutane shi ne hawa ya fi saukowa sauƙi. Wajen hawa idonka na ganin inda za ka sa ƙafa, wajen saukowa ba ka gani. Mutum sai ya hau mita shida cikin minti ɗaya, ya juyo ya rasa ta inda zai bi. Ƙa'idar ita ce, duk inda sai ka sa hannu biyu kafin ka hau, ka fara gwada sauko da taku biyu na farko. In ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, bar wurin.

Takalmi kuwa, mai tafin roba mai zane a ƙasa, wanda ya rufe idon sawu saboda yashi. Ya ɗan fi ƙafarka da rabin lamba, don ƙafa na kumbura da tafiya, kuma wajen gangara yatsu na dukan gaba har farce ya yi baƙi. Ku saya yanzu ku yi aƙalla mako huɗu kuna tafiya da shi. Sabon takalmi daga kwali zuwa hamada, bororo ne tun kafin azahar. Safar auduga na riƙe gumi, ku nemi ta ulu ko ta 'yan wasanni, kowa da ƙarin guda a jaka. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara ɗumi, tsaya ka manna filasta nan take, kada ka jira ya tashi.

Maman Hanif, Tudun Wada:

Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Ni zan ɗauki batun ruwa da lafiya.

Alhaji, mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai ɗauka na yini shi ne lita 4, wato leda takwas ta fiya wata, tunda kowace rabin lita ce. Lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya, don haka kowa ya san kilo 4 na ruwa zai goya ban da abinci. Kowa ya ɗauki nasa. Kada a tara wa ƙaramin cikinku don girmama manya, saboda in aka rabu, ruwan ya tafi da mutum ɗaya. Ku raba a gora biyu ko uku, in ɗaya ta huje saura na nan. A mota kuma a bar wata lita 2 ga kowane mutum.

Disamba akwai sanyi, shi ya sa ake ruɗuwa. Iskar busasshiya ce fiye da hunturunmu, gumi na bushewa kafin ka gan shi, mutum ba ya jin ƙishi amma ruwa na fita. Ku sha kurɓi uku ko huɗu duk bayan minti 20, wajen rabin lita a awa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ko awa huɗu ta wuce ba a yi ba, ruwa ya yi ƙaranci. In ruwan da ke jakar wani ya kai rabi, lokacin juyawa ya yi ga kowa, ko da bakan na gabanku kuna hango shi.

Ruwa zalla kuma bai isa ba. Mai yawan gumi da ke ɗirkar ruwa ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya sauka, ya fara ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa. Ku riƙa ɗan cin gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli ko dabino duk awa. Dabino kam can za ku saya, garin gonakin dabino ne. A jakar magani a sa ORS, leda ɗaya a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, cokalin a shafe, ba a tula ba.

Mai hawan jinin nan ya ga likitansa tun kafin tafiya, ya gaya masa ainihin abin da zai je yi. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu suna rage bugun zuciya, duka suna canza yadda jiki ke jure wahala da zafi. Kada ya daina sha da kansa, kada kuma ya ƙara gishiri da ka.

Ku san bambancin abu biyu. Wanda ya galabaita zai yi gumi, jiri, kasala, amma yana cikin hankalinsa: a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan, tafiyarsa ta ranar ta ƙare. Wanda ya fara sambatu, yana tangaɗi, ko bai gane abokansa ba, wannan bugun zafi ne, yana kisa. A jiƙa masa jiki, a yi ta fifita, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya iya haɗiya, a kira motar asibiti. Lambarta a Saudiyya 997.

Dare kuma da asuba sanyi na iya kusan kaiwa digiri 5, don haka rigar sanyi da hular sanyi dole ne. Man kaɗe na leɓe da dunduniya, malafa ko rawani, tabarau na rana. Takalmi a kakkaɓe shi kafin a sa saboda kunama, kada a zura hannu a ramin dutse. Akwai dangin kububuwa a duwatsun Larabawa. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Kawu Bala, Kawo:

Hajiya ta gama magana a kan ruwa. Saura lissafin tafiya, inda abokai suka fi samun matsala.

Daga Madina zuwa AlUla ya haura kilomita 300, a ƙiyasta awa huɗu a mota, don haka ranar isowa ba ranar tafiyar ƙafa ba ce. Ku je Jabalul Fil da yamma, dutsen nan mai siffar giwa, tsayinsa mita 52, mota na kaiwa har gindinsa. Kwana na biyu kilomita 5 zuwa 6, na uku 8 zuwa 10 in jiki ya yarda. A kwalta mutum na cin kilomita 5 a awa, kuma ana ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A yashi mai laushi ku lissafa 2 zuwa 3 kawai, ku kuma lissafa da saurin wanda ya fi kowa nawa. A Disamba rana na fitowa bayan ƙarfe bakwai, ta faɗi wajen biyar da rabi da 'yan mintuna, duhu kuma na rufe kwazazzabo kafin haka. Ku tashi bayan asuba, ku yanke lokacin juyawa tun kuna masauki, misali sha biyun rana, kowa ya amince. Yanke shi a hanya rigima yake kawowa, don kullum akwai mai cewa saura kaɗan.

Tsarin tafiya: wanda ya fi nawa shi ne na biyu a layi, mai ƙarfi ɗaya a ƙarshe, babu mai wuce na gaba, babu mai ɓacewa daga idon na bayansa. A kowace mararraba a tsaya sai an cika shida. In wani ya kasa, ba a barinsa shi kaɗai a ce ya jira a dawo: ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Kowa da usur a wuya, busa uku alamar neman agaji ce, don murya a tsakanin duwatsu amsa-kuwwa take yi, ba ka gane ta inda ta fito.

A falalen dutse ba a barin sawu, kuma duwatsun kama suke da juna. Ku riƙa waiwayawa kuna ɗaukar hoton hanyar ta fuskar da za ku gan ta in kuna dawowa. A sauke taswira a waya biyu tun akwai intanet, a sa alamar inda mota take, a tafi da fawabank da tocila ta goshi. A matsattsen kwazazzabo GPS na iya kuskure saboda bango na tare tauraron ɗan'adam. Wurare irin gandun Sharaan ba a shiga sai da jagora mai izini, kuma nesa da kwalta sai mota irin Land Cruiser da direban da ya san yashi. Kuɗin jagora a raba shi shida, bai kai asarar ɓata ba. A bar wa mai masauki sunan wurin da za ku da lokacin dawowa.

Sai ambaliya. Ruwan yankin a lokacin sanyi yake zuwa, kuma dutse ba ya shanye shi da sauri, duk sai ya tattaru a kwari. Ba sai an yi ruwa a kanku ba. A Agusta 1997 mutum 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope a Amurka, ruwan da ya kashe su can nesa ya sauka. In hasashen yanayi ya ambaci ruwa, ko kun hango hadari ko'ina, kada ku shiga kwari. In kuna ciki kuka ji ƙugi kamar na babbar mota, ku hau gefe, kada ku gudu ta inda ruwan zai bi.

Kafin Disamba, sau uku a mako ku zagaya Murtala Square da jaka mai kilo 6 da takalman da za ku tafi da su, ku fara da minti 40 ku kai awa biyu.

Malam Sani, Rigasa:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabata. Ƙarin bayani kan ibada. Mun saba cewa gabas, amma a AlUla alƙibla kudu take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, tunda kuna arewacin Makka da Madina. Ruwan sha kada ya tafi a alwala in zai gaza, taimama ta halatta, kuma a mazhabar Malikiyya ana yin ta a kan dutse ko yashi mai tsarki. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru.

Sannan Hijir, wato Mada'in Salih, tana nan kusa da garin. Kaburburan da aka sassaƙa a jikin dutse, su 111, aikin Nabaɗawa ne, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, kuma hukumar UNESCO ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2008. Amma an san yankin da ƙasar Samudawa, kuma ya inganta cewa Annabi (SAW) da ya bi ta nan a tafiyar Tabuka ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka sai ana kuka, ya kuma hana amfani da ruwan rijiyoyinsu. Malamai sun yi magana mai yawa a kan ziyarar. Ku tambayi malaminku tun kuna gida, ku daidaita a tsakaninku, kada sai kun isa ƙofa uku su ce za su shiga uku su ce a'a.

Abban Sadiq, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Batun hawa baka mun janye. Hajiya, babban namu gwiwa na ɗan damunsa, sanda za ta yi amfani?

Maman Hanif, Tudun Wada:

Za ta yi, Alhaji, musamman a gangara da yashi. Guda biyu sun fi ɗaya. Tsayinta daidai shi ne in ya riƙe ta a tsaye gwiwar hannunsa ta yi kusurwa kamar ta bango, a gangara ya ƙara tsawon da kamar santimita 5 zuwa 10. A kan falalen dutse ya sa mata hular roba a baki, don tsinin ƙarfe na zamewa kuma yana kankare dutsen. Ya sa ta a babban akwati, kada ya riƙe ta a kayan hannu wajen shiga jirgi.