Neman taimako: bidiyon faifan DVD ya ƙi zama daidai a manhajar tacewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata Hajiya maƙwabciyarmu a nan Jidda ta ba ni faifan walimar saukar Alƙur'anin ɗanta, Allah ya jiƙansa, tana so in yanko mata inda yake karatu.

Na kwafe VIDEO_TS, wato foldar da bidiyon faifan yake ciki, zuwa kwamfuta. Manhajar kallon bidiyo ta VLC na buɗe bidiyon lafiya lau, amma da na jawo fayilolin VOB, wato fayilolin bidiyon da ke foldar, cikin manhajar tacewa, sai hoto babu murya. Na sauya ƙarshen sunansu zuwa mpg, wani nau'in fayil ɗin bidiyo, murya ta zo, sai dai tana riga bakinsa, musamman a mahaɗar fayil da fayil. Ina zargin nau'in sautin faifan ne, wanda ake kira AC3.

In haɗe fayilolin tukuna ne, ko in juya su da HandBrake, manhajar sauya nau'in bidiyo? Ba na so ingancin ya ragu, wannan kwafin kaɗai gare ta. Don Allah a taimaka.