Me za mu kira baƙin fallen da ke cikin waya?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu tsayar. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran waya ya ga wani baƙin falle siriri manne a bayan gilashi ko a kan batir. Wasu masu gyara ɓare shi suke yi su yar, a zatonsu ba ya aikin komai. Girafait ne, wato kabon irin na bakin fensir, kuma shi ke kwashe zafin da ke taruwa a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar.

Wani ya ce a kira shi "mai sanyaya". Ban yarda ba. Ba ya kawo sanyi kamar firji. Zafin da ya taru wuri guda yake ja ya shimfiɗa shi ko'ina a jikin wayar, iska ta ɗauke.

Wani malaminmu ya kawo "gawayin lantarki". Malam, Allah ya ƙara ilimi, gawayi kabon ne, amma ba ya tafiyar da zafi sosai, shi ya sa za ka iya riƙe gefensa ɗaya yayin da ɗayan ke ci. Sunan zai koya wa yara akasin gaskiya. Abin yana ga yadda ƙwayoyin kabon suka jeru. A girafait shimfiɗe suke hawa-hawa, zafi na gudu a kwance da sauri, amma daga hawa zuwa hawa da ƙyar yake ratsawa. A ma'aunin tafiyar da zafi jan ƙarfe yana wajen 400, fallen girafait mai kyau kuwa yana wuce 1,500 a kwance, nauyinsa kuma kusan kwatan na jan ƙarfe ne. Hawa ɗaya tak shi ne girafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchester a 2004.

Shawarata: baza-zafi. Gininsa na gida ne, irin na dafa-duka da hana-salla, kuma aikin da yake yi ya faɗa. Idan an cakuɗa kabon ɗin da jan ƙarfe, alminiyam ko roba don ya yi ƙwari, sai mu ce gamin kabon, tunda maƙera sun san gami tun kaka da kakanni. Cikakken suna ke nan: baza-zafi na gamin kabon.

Masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da sauran kasuwanni, ku gwada: "Kar ka ɓare baza-zafin nan." Ya hau baki ko da gyara?