Laifi ne talaka ya tambayi shugaba ina aka kwana?

Bello Tela:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a cikin birni. Daminar bana sau biyu ruwa yana shigo mini shago, ya ɓata shaddojin mutane, na biya daga aljihuna. Kwatar layinmu ce ta toshe, alhali shekara biyu ke nan da kafa allo cewa an ba da kwangilar gyaranta. Ranar Asabar wani mai muƙami ya zo ta'aziyya unguwarmu. Da aka shafa fatiha na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ina aka kwana a maganar kwatar nan?" Bai tanka ba. Kawuna ya ja ni gefe ya ce na zubar masa da mutunci, wai yaro ba ya titsiye babba. Abin yana ci mini rai har yanzu. Na yi kuskure ne?

Baba Ɗanladi:
Ɗana, ba ka yi laifi ba. Mahaifina ɗan NEPU ne. Ya sha ba mu labarin yadda 'yan doka ke ɗaure mutum a rana saboda haraji, ba mai cewa uffan. Don talaka ya iya buɗe baki Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa jam'iyyar a 1950, aka yi ta dukansu ana kulle su, har mata irin su Gambo Sawaba. Harajin nan da jangali sai zamanin Gwamna Abubakar Rimi aka soke su a Kano. Ka je gidan Mambayya a Gwammaja ka ga ɗakin da Malam ya rayu, sannan ka dubi motar wanda ka tambaya.

Maman Hanifa:
Tambayarka daidai ce, amma zaman makoki ba wurinta ba ne. Ina ganin abin da ya sosa wa kawu rai ke nan. Ka ba shi haƙuri.

Abba Lauya:
Malam Bello, maganar baki iska ce, a rubuce za ku yi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ku ɗauki hoton allon tun ba a cire shi ba, ku tambayi nawa aka ware, nawa aka fitar, wa aka ba. Ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

Bello Tela:
Na gode. Na ɗauki hoton ɗazu, mutum tara sun yarda za su sa hannu. Kawu kuma zan je wurinsa bayan isha'i. Barista, takardar da Hausa za mu rubuta ko dole sai da Turanci?