Waɗanda suka yi zaman aiki a Qatar, ku faɗa mana yadda take

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ya samu ejan da zai kai shi Doha aikin gadi, Hajiyarmu kuwa ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ji daga bakin wanda ya zauna can. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ban da "an ce".

Abu Haidar: Wa'alaikumussalam. Gadin na yi, a wani babban kanti. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne, sai ka yi wata da watanni ba ka yi doguwar magana da ɗan ƙasa ba. Mazauna Qatar wajen miliyan 3 ne, amma 'yan asali kusan kashi 10 cikin 100 kawai. Ogana Ba'indiye, abokan ɗakina 'yan Nepal da Kenya da Uganda. Na tafi da niyyar goge Larabcina na Islamiyya, na dawo da guntun Indiyanci. Mafi ƙarancin albashi tun 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na ɗaki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka su ba. A dokarsu kuma ba ma'aikaci ke biyan kuɗin ɗaukar aiki ba, duk da ejan zai rantse maka haka ake yi.

Injiniya Bashir: Ni a Ras Laffan na yi, inda ake loda iskar gas a jiragen ruwa. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya taɓa kai ni majalisin mahaifinsa, aka yi ta zuba mana gahawa da dabino. Dattijon ya ce ubansa nutso yake yi cikin teku neman lu'ulu'u, har Japanawa suka fara noma nasu, kasuwa ta mutu a shekarun 1930, yunwa ta kori iyalai da yawa. An fara fitar da man fetur na yankin Dukhan a 1949, 'yanci daga Ingila a 1971, amma gas ne ya mayar da su abin da suke yau. Mutanen kirki ne in ka samu shiga, sai dai ba su da saurin sakin jiki da baƙo.

Abu Haidar: Injiniya, kai ka ga majalisi, mu Sanaiya muka gani, unguwar masana'antu da leburori ke kwana. Daga bas ɗin kamfani sai ɗaki mai gado sama da ƙasa.

Maman Ilham: Ina can da maigidana a watan Yunin 2017, cikin azumi, da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da su. Iyakarsu ta ƙasa ɗaya ce tak, da Saudiyya, ta nan madara ke shigowa. Na shiga kanti, firji wayam. Ba a jima ba sai ga madarar Turkiyya, daga baya muka ji an kwaso shanu a jirgin sama! Sai Janairun 2021 aka sasanta. Zaman lafiya kam akwai, wuta ba ta ɗaukewa, amma haya da kuɗin makarantar yara na cinye albashi.

Direban Tanka: Malam Ɗan Fagge, ka tambayi ejan gadin a ciki ne ko a waje. Zafin can da gumi yake zuwa, ba irin namu ba. An hana aikin waje daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Tun 2020 ana iya sauya kamfani ba da takardar yardar kafili (mai ɗaukarka aiki) ba, amma nawa ya yi ta ja min rai kafin ya sake ni. Kada ƙanin naka ya ba kowa fasfonsa ya riƙe.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Ejan ya ce a biya rabi kafin a ga kwantiragi. Abu Haidar, in na turo maka takardar da ya ba mu, za ka duba mana?