Muhawara: Shin Ma'aunin Mutum Uku a Ɗaki Ya Dace da Gidajen Damagaram?

Malamin makaranta, Birni: Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku suna kwana a ɗaki guda. Ni ina ganin wannan ma'auni bai san gidajenmu ba, domin a tsakar gida muke girki da hira, samari suna kwana a zaure, kuma idan bazara ta yi tsanani kowa tabarmarsa yake fitarwa waje. Wanda ya ƙirga ɗakuna kaɗai ya bar rabin gidan bai ƙirga ba.

Ma'aikaciyar lafiya, Sabon Gari: Malam, daren bazara ka kwatanta, amma ina daren hunturu? Idan sanyi da ƙura suka sauka, mutanen nan duka ɗaki suke komawa, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa har asuba. A irin wannan lokaci sanƙarau yake yaɗuwa. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da shi a jihar Damagaram, 18 kuma suka rasu. Ban ce cunkoso ne kaɗai sanadi ba, amma ban yarda a auna gida da daren da ya fi sauƙi ba.

Malamin makaranta, Birni: Na amince da batun hunturu, Hajiya. Sai dai har yanzu ban ga dalilin da zai sa a lissafa jariri daidai da baligi ba.

Magini, Garin Malam: Ku duba lissafin ta wajen aikinmu. A ce gida yana da mutum 11 a ɗakuna biyu. Bisa wancan ma'auni ɗakuna huɗu suke buƙata, wato biyu ne suka rasa, kuma idan akwai sauran fili a gidan, tubali da azara za su magance matsalar ba tare da an yanka sabon fili a bayan gari ba. Amma a tsofaffin unguwanni, inda rabon gado ya daddatsa gidaje, babu inda za a ƙara ko bango guda. Saboda haka a riƙa raba gidajen kashi biyu tun wajen ƙirga: masu wurin ƙari da waɗanda dole sai sun fita.

Uwargida, Zango: Akwai abin da lissafinku bai taɓo ba. Addini ya umarce mu da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Ɗakin da yake da budurwa da ƙannenta maza biyu bai wuce mutum uku ba, amma wace uwa ce za ta ce ya wadatar?

Ma'aikaciyar lafiya, Sabon Gari: Gaskiyarki, Yaya. A Kanada ma'auninsu yana duba shekaru da jinsin masu kwana a ɗakin. Ni da za a ji shawarata, mai ƙidaya zai tambayi wanda ya kwana a kowane ɗaki daren jiya, kuma a watan Janairu zai yi tambayar.