Tafiyarmu ta farko ƙasar waje da yara 'yan shekara 13 da 14: ina neman shawara

Baban Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan Allah ya kai mu hutun makaranta mai zuwa, ni da mai ɗakina muna shirin tafiya ƙasar waje ta kwana goma tare da 'ya'yanmu, mace 'yar shekara 14 da namiji ɗan shekara 13, kuma dukansu ba su taɓa hawa jirgin sama ba. Ni na saba tafiya ni kaɗai, amma wannan karon abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko shi ne takardun da ake nema game da yara. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne yadda zan tafi da su, domin sun wuce a riƙe musu hannu, ba su kuma kai a sake su ba. Ƙaramin ya dage cewa shi zai riƙe fasfonsa, babbar kuwa ba ta nuna ɗoki ba, tambayarta kawai ko za ta samu intanet. Waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya su taimaka mini.

Uwar Yara Huɗu:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da ranar ƙarewar fasfon kowa, saboda ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai rage masa wata 6 ba, ƙasashen Schengen na Turai (waɗanda ake shiga dukansu da biza ɗaya) kuma suna neman ya wuce ranar fitarka da wata 3, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga mai neman biza. Idan inda za ku ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, a yi allurar da wuri, domin sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada. Ka tafi da takardun haihuwar yaran. Idan wani dalili ya sa ɗayanku ne zai yi gaba ko ya dawo da su shi kaɗai, a tanadi takardar amincewar ɗayan, domin jami'an shige da fice suna iya tambaya. Wajen lissafin kuɗi kuma ka tuna cewa yawancin kamfanonin jirgi suna ɗaukar wanda ya kai shekara 12 a matsayin babba.

Malamar Sakandare:

Malam, ni kan batu na biyu zan yi magana, domin shekaruna masu yawa ina tare da yara masu wannan shekaru. Rashin ɗokin 'yarka bai kamata ya ɓata maka rai ba. Yarinya 'yar shekara 14 tana jin nauyin rabuwa da ƙawayenta fiye da yadda mu manya muke zato, kuma tafiyar da aka tsara ba da saninta ba tana ganinta tamkar aikin da aka ɗora mata. Ka ba ta yini guda ta tsara shi da kanta, ta zaɓi wurin da za a je, ta binciko hanyar zuwa da lokacin buɗewa, sannan ku bi tsarin nata ko da bai yi daidai da ra'ayinku ba. Ƙaramin kuma ka sa shi karanta allon filin jirgi ya nemo muku ƙofar shiga.

Abin da ba na so a yi wasa da shi shi ne ɓacewa. A tafiyarmu ta farko ɗana ya riga mu shiga jirgin ƙasa, ƙofa ta rufe muna waje, ina hango fuskarsa ta gilashi har jirgin ya ɓace. Abin da ya cece mu shi ne tun a gida mun yi yarjejeniya cewa duk wanda ya rabu da sauran zai sauka a tasha ta gaba ya tsaya bai motsa ba, kuma nan muka same shi zaune a kan benci, ya rungume jakarsa. Saboda haka kowane yaro ya haddace lambar wayarka, ya kuma ajiye katin otal mai adireshi a aljihu, domin waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da ake bukatarta. Idan ƙasashen Tarayyar Turai za ku, a koya musu 112, lambar neman agajin gaggawa.

Tsohon Matafiyi:

Na yarda da Malama, sai dai game da fasfo ina ganin kada ka bar wa yaron shi gaba ɗaya. Ka miƙa masa a gaban jami'i ya bayar da hannunsa, ya amsa tambayar da aka yi masa, da an wuce ka karɓa, ka bar masa kwafi. Fasfon da ya ɓace a ƙasar waje yana iya cinye rabin hutun a hanyar ofishin jakadanci.

Ka kuma gaya musu tun kafin a tashi cewa kunne yana toshewa ko ya yi ciwo, musamman lokacin saukar jirgi, kuma haɗiyar yawu ko hamma ko tauna cingam na sauƙaƙa shi, domin yaron da ya san abin da ke tafe ba ya firgita. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma a yawancin filayen jirgi abu mai ruwa da ke jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba. Yara masu wannan shekaru suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10, don haka idan akwai bambancin lokaci, kada ka cika ranar farko da yawo.

Baban Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba fasfunan yanzu, na mai ɗakina wata 5 ne zai rage masa a ranar tafiyar, don haka da sabunta shi za mu fara. Daren yau kuma zan zauna da babbar ta zaɓi yinin da za ta tsara.